Lambun Heligan: Yadda Daji Ya Cinye Shi da Yadda Aka Ƙwato Shi

A yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila inda ƙasa ta tsuke ta kutsa cikin teku, akwai wani tsohon gandu mai suna Heligan, wanda ke bisa tudu a saman Mevagissey, garin masunta, ba nisa da St Austell. Abin da ya fito da sunan wannan gandu shi ne lambunsa, wanda zuri'a ɗaya ta yi wa hidima wajen shekara 150, sa'an nan aka yi watsi da shi kusan shekara 70 har sarƙaƙiya ta rufe shi ruf, kafin a shiga aikin ƙwato shi a 1990. Tarihin wurin ya cancanci nazari domin ya fito da wani abu da masu sha'awar furanni kan manta, wato lambu aikin hannu ne da ake sabuntawa kullum, kuma ranar da hannuwan suka janye, ran nan daji yake fara karɓar abinsa. Shi ya sa waɗanda suka zo gyara daga baya suka tarar cewa sassabe shi ne mai sauƙi a cikin aikin, mai wuyar kuwa shi ne gano yadda mutanen da suka daɗe da mutuwa suke tafiyar da wurin.

Yanayin Cornwall ya bambanta da na sauran Ingila, domin ruwan teku mai ɗumi da ke tasowa daga wajen gaɓar Meziko yana sassauta sanyin hunturu, ƙanƙara ba ta cika kwanciya ba, ruwan sama kuma ba ya yankewa duk shekara. Ƙasar wurin tana da tsami, irin wadda itatuwan tsaunukan Asiya suke so, kuma gaɓar tana cike da kwaruruka masu gangarawa teku waɗanda suke riƙe ɗumi da laima. Babban abokin gābar mai lambu a can shi ne iska mai gishiri da ke kaɗowa daga teku, wadda takan ƙone ganye ta karya rassa, don haka duk mai son lambu sai ya fara da kafa katangar itatuwa. Wannan ni'ima da ta sa baƙin itatuwa suka yi albarka a Heligan, ita ce kuma ta sa ƙaya da ciyawa suka gama da wurin cikin hanzari da zarar an daina nome su.

Zuri'ar Tremayne ta mallaki gandun tun 1569, lokacin da Sampson Tremayne ya saye shi, an gina gida a cikinsa a 1603, aka kuma sake gina shi a 1692. Lambun da ake magana a kansa kuwa aikin magada huɗu ne a jere. Na farkonsu, Henry Hawkins Tremayne, limamin coci ne wanda gādon ya faɗo masa a 1766, ya riƙe shi har mutuwarsa a 1829, kuma shi ne ya shata fasalin da ake gani har yau: ya dasa dogayen layukan itatuwa domin tare iska, ya fitar da hanyoyin yawo a arewacin gidan, ya kuma kewaye filaye da katangar jan bulo domin noman abinci da furanni. Amfanin irin wannan katanga ya wuce tsaro daga ɓarayi da zomaye, domin bulo yana shan zafin rana ya sake shi da dare, har itacen marmarin da aka ɗaure a jikinsa ya nuna a ƙasar da ba zai nuna a fili ba. Akwai taswirar gandun ta 1777 da wata da aka zana kafin 1810, kuma idan aka jera su ana iya ganin yadda gonaki suka rikiɗe suka zama lambu a zamaninsa.

Ɗansa John Hearle Tremayne, wanda ya wakilci Cornwall a majalisar dokoki, ya riƙe gandun daga 1829 zuwa 1851, ya kuma fitar da doguwar hanya daga Pentewan a bakin teku, wadda aka kwantar da gangarenta yadda dawaki za su iya jawo gawayin kwal zuwa gidan. Aurensa da Caroline Lemon ya fi hanyar tasiri a kan lambun, domin ɗan'uwanta Sir Charles Lemon na Carclew aminin Joseph Hooker ne, masanin tsirrai wanda ya yi yawon bincike a Sikkim cikin tsaunukan Himalaya tsakanin 1848 da 1850, ya aiko da irin rododendiron, wani itace mai manyan curin furanni ja da fari. Ta wannan zumunci irin ya iso Heligan, kuma magaji na uku, John Tremayne, wanda ya riƙe wurin daga 1851 zuwa 1901, ya duƙufa kan renonsa da haɗa jinsi da jinsi ta hanyar barbarar fure. Zamanin ya taimake shi. Tun cikin shekarun 1830 aka fara amfani da akwatin gilashin da likita Nathaniel Ward ya ƙirƙira, wanda ke riƙe laimarsa da kansa har tsiro ya yi watanni a jirgin ruwa bai mutu ba, kuma daular Birtaniya tana kan ganiyarta, jiragenta suna zuwa kowace nahiya. A wani kwari mai zurfi da ke kudu da gidan, wanda daga baya aka laƙaba wa suna Jungle, wato kurmi, aka haƙa tafkuna huɗu a jere, aka dasa gora iri-iri, da wani dangin giginya daga ƙasar Sin, da gunera ta Burazil mai ganyen da faɗinsa kan kai mita biyu, da wani tsiro marar fure daga Ostireliya mai kututture kamar na itace, wanda ake iya saro shi a yi doguwar tafiya da shi ya sake tofowa. Magaji na huɗu, John Claude Tremayne, wanda aka fi sani da Jack, ya ƙara ɗan lambu mai fasalin Italiya a farkon ƙarni na 20.

Waɗannan su ne wuraren da ake zagayawa da baƙi, amma ƙashin bayan gandun yana cikin katangu, inda ake noman abin da gidan zai ci. A wancan zamani babu firji, babu kantin da zai kawo kayan lambu daga ƙasashen waje a tsakiyar hunturu, don haka wajibi ne gandu mai faɗin eka 1,000 ya ciyar da iyalin maigida da baƙinsu da barorinsu duk shekara daga ƙasarsa. Akwai filin kayan miya mai kusan eka biyu, da lambun furanni na ƙawata ɗakuna, da wani tsakar gida da ake kira Melon Yard inda ake renon kokwamba da wani dangin kankana mai ƙamshi a ƙarƙashin gilashi. Akwai ɗakunan gilashi na inabi da na lemo, waɗanda suka yawaita a Ingila bayan an soke harajin gilashi a 1845, ɗaya daga cikinsu ma bisa fasalin Joseph Paxton aka yi shi, mutumin da ya zana katafaren zauren gilashi na baje kolin Landan a 1851. Akwai ɗaki mai duhu na tsirar da wasu ganyaye kafin lokacinsu, da ma'ajiyar 'ya'yan itace, da wata katanga mai ramuka da ake ajiye amya a cikinsu, saƙaƙƙiya da ciyawa kamar dai wadda ake ɗorawa a kan itace a ƙasar Hausa, sai dai a can ruwan sama ake ɓoye mata. Dukan wannan yana tafiya ne a ƙarƙashin babban mai lambu, wanda ke da ma'aikata wajen 22 kafin 1914, kowa da matsayinsa, tun daga masu kula da ɗakunan gilashi har zuwa yaran da suke wanke tukwanen dashe, suna kwana a wani ɗan ɗaki cikin lambun domin su tashi da dare su duba wutar da ke ɗumama gilashin. Sana'ar ba a takarda take ba: yaro yana koyonta ne da ido da hannu a wajen na gaba da shi, shekara da shekaru, har ya san ranar shuka kowane iri da yawan iskar da zai buɗe wa inabi da safe.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tsinke wannan igiya. Binciken da masu kula da lambun suka yi daga baya ya nuna cewa mutum 13 cikin ma'aikatan fili sun tafi yaƙin, kuma huɗu kaɗai suka dawo. Gidan ya zama wurin jinyar hafsoshin da suka ji rauni, sa'an nan bayan yaƙin Jack Tremayne ya koma Italiya da zama, ya ba da gidan haya. Ba daidai ba ne a ɗora wa yaƙi laifin duka, kamar yadda masu son labari mai taɓa zuciya suke yi, domin manyan gandayen Ingila sun fara jin jiki tun faɗuwar farashin amfanin gona a shekarun 1870, harajin gādo da aka kafa a 1894 ya riƙa zaftare su duk lokacin da maigida ya mutu, ladan ƙwadago kuma ya tashi har babu mai iya biyan mutum ashirin domin ya ci inabi a hunturu. Abin da yaƙin ya yi shi ne ya gaggauta abin da ke tafe, ya kuma kwashe matasan da ya kamata su gāji ilimin. Sojojin Amurka sun zauna a gidan a Yaƙin Duniya na Biyu, Jack ya mutu a 1949 bai bar ɗa ba, gandun ya koma hannun amintattu a madadin dangi, kuma cikin shekarun 1970 aka yanyanka gidan aka sayar da shi sashe-sashe ga masu zama, ba tare da lambun ba.

Lalacewar lambu tana da tsari nata, kuma sanin tsarin yana da amfani ga duk mai son gyara. A shekarun farko ciyawa ce take rufe fangula da hanyoyi, sai wata ƙaya mai yaɗo da Turawa ke kira bramble ta biyo baya, wadda duk inda kan reshenta ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa ya zama sabon gindi. A cikin inuwar ƙayar, inda dabba ba ta iya kai baki, 'ya'yan itatuwan da iska ta kwaso suke tsira, musamman sikamo da ash, kuma cikin shekara ashirin sun zama kurmi a wurin da dā ake shuka karas. Shingen lorel, wanda almakashi ke tsare shi a tsayin mutum, yakan miƙe ya zama itace ya faɗi a kan hanya ya sake yin saiwa. Itacen da aka yi wa aure kuma, idan babu mai cire tohon da ke fitowa daga gindin da aka ɗora shi a kai, gindin yakan rinjayi na saman ya kashe shi. Gine-gine su ma haka: ganye ya toshe magudana, ruwa ya kwanta a gindin katanga, katakon da ke riƙe gilashi ya ruɓe, gilashin ya zubo, tsiro mai kama bango ya cusa saiwa tsakanin bulo da bulo. Tafkunan kwarin suka cika da laka, ganyen da ke zuba kowace kaka kuma ya ruɓe ya zama sabuwar ƙasa a kan hanyoyin har suka ɓace.

Duk da haka watsin ya yi wa Heligan wata rana. Lambunan da suka ci gaba da samun kulawa a ƙarni na 20 an zamanantar da su, an rushe tsofaffin ɗakunan gilashinsu, an mayar da filayen kayan miya wurin ajiye motoci ko gonar itatuwan Kirsimeti. A Heligan kuwa, tun da an raba gida da lambu, kuma babu mai kuɗin gyara balle na rushewa, komai ya zauna inda aka bar shi, kayan aiki da tukwane da bututun ruwa, ƙaya ta zama musu murfi.

A Janairun 1990 wata babbar guguwa ta ratsa kudancin Birtaniya ta kayar da itatuwa masu ɗimbin yawa a gandun, ta ƙara dagula abin da ya riga ya dagule. Wata guda bayan haka John Willis, wani daga cikin zuri'ar Tremayne wanda alhakin ƙasar ya faɗo wa, ya shiga wurin da adda tare da Tim Smit, haifaffen Holan a 1954, wanda ya karanta ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Durham, ya yi sana'ar shirya waƙoƙi a Landan, ya kuma ƙaura zuwa Cornwall a 1987. Ba da daɗewa ba wani magini mai suna John Nelson ya haɗu da su, kuma shi ne ya jagoranci yawancin aikin ƙarfi. Abin da ya saita alƙiblar aikin shi ne wani ɗan ɗaki da aka tono a kusurwar ɗaya daga cikin katangun, ƙarƙashin ɓaraguzai, wanda ya zamana makewayin ma'aikata ne. A jikin farar ƙasar bangonsa an sami sunayen masu lambun da suka rubuta da fensir, tare da kwanan wata na Agustan 1914, watan da Birtaniya ta shiga yaƙi, kuma da aka bi sawu sai aka ga wasu daga cikin sunayen a kan duwatsun tunawa da mamatan yaƙi na ƙauyukan kewaye. Daga nan masu gyaran suka yanke shawarar cewa labarin da za su farfaɗo da shi na ma'aikata ne, ba na masu gida kaɗai ba, wanda kuwa baƙon abu ne a lokacin, domin al'adar masu adana manyan gidajen Ingila ita ce nuna falo da filin furanni a rufe ƙofar baya. A 2013 gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum ya amince da ɗakin a matsayin wurin tunawa da waɗannan mutane.

Sassaben kansa ya buƙaci haƙuri fiye da ƙarfi, domin a irin wannan wuri itacen da ya shekara 140 yana tsaye ne kafaɗa da kafaɗa da wanda tsuntsu ya shuka, kuma zarton inji ba ya bambance su. Sai da aka riƙa shiga kaɗan-kaɗan, ana yanke ƙaya da hannu, ana tantance kowane gindi kafin a sare shi, ana kuma lura da cewa itacen da ya daɗe cikin duhu da kariyar maƙwabtansa yana iya ƙonewa ko ya faɗi idan aka yaye masa rana da iska gaba ɗaya. Domin gano hanyoyi aka koma ga tsofaffin taswirori, ciki har da ta 1839 wadda aka zana saboda ushirin coci, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona da dokar 1836 ta mayar da shi kuɗi, abin da ya sa hukuma ta auna filayen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Inda taswira ta nuna hanya sai a haƙa, a kuwa tarar da daɓen tsakuwa da magudanarsa a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Da na'urar gano ƙarfe aka tsinto 'yan allunan da ake rubuta sunan tsiro a kansu, waɗanda suka faɗi a gindin inda aka kafa su, suka zama shaidar abin da aka taɓa shukawa a nan. A cikin ɗakin inabi, wanda rufinsa ya riga ya zube, an tarar da tsohuwar kurangar tana da rai a tsakiyar ƙaya. Hotunan dangi da littattafan biyan lada suka cike wasu guraben. 'Yan sa-kai sun zo da yawa, aka yashe tafkunan kwarin, aka shimfiɗa hanyar katako a gefensu domin ƙafafun masu ziyara kada su tattake saiwoyi.

Gini ana iya mayar da shi da awo da bulo, amma ilimin sarrafa shi sai an nemo mai shi. A nan aka dogara da mutane irin su Philip McMillan Browse, wanda ya taɓa shugabantar lambun Wisley na ƙungiyar masu lambu ta Royal Horticultural Society, da Peter Thoday, malamin aikin lambu wanda a 1987 ya gabatar da shirin BBC mai suna The Victorian Kitchen Garden tare da wani dattijon mai lambu, Harry Dodson, ɗaya daga cikin na ƙarshe da suka koyi sana'ar ta tsohuwar hanya. Aka ƙudurta cewa filin kayan miya zai koma aiki na gaske, da irin shukokin da aka sani kafin yaƙin, waɗanda da yawansu kamfanonin iri suka daina sayarwa har sai da aka bi masu adana tsohon iri. Aka dawo da kaftu da hannu mai zurfin bakin shebur biyu, ana binne taki a ƙasan kowane layi, aka dawo da juya shuka daga fili zuwa fili kowace shekara domin cuta kada ta zauna a ƙasa. Wannan zaɓi yana da tsada, domin ma'anarsa ita ce a sake ɗaukar ma'aikata a biya su, wato a koma ga ainihin abin da ya gagari zuri'ar Tremayne.

Ramin abarba shi ne ya fi nuna wuyar lamarin. Abarba 'yar ƙasashe masu zafi ce, kuma tun farkon ƙarni na 18, lokacin da Henry Telende, mai lambun Sir Matthew Decker a Richmond, ya gano hanyar nunar da ita a Ingila, ta zama abin alfaharin masu hali, har ana auna gwanintar babban mai lambu da ita. Sana'ar ta mutu ne bayan jiragen ruwa masu tururi sun fara kawo ta da araha daga tsibiran Azores a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Ramin da aka tono a Heligan dogon gini ne na bulo da ya nutse cikin ƙasa, an rufe samansa da gilashi, abarba tana tsakiya, a kowane gefe kuma akwai wani rami da ake cikawa da ɗanyen kashin doki gauraye da ciyawar shimfiɗa. Yayin da takin yake ruɓewa yana fitar da zafi, zafin kuma yana ratsawa ta ƙananan kafofin da aka bari a jikin bango ya ɗumama ɗakin tsakiya, ba wuta ba kwal. A takarda abin yana da sauƙi. A aikace kuwa babu wani mai rai da ya taɓa sarrafa irin wannan rami, kuma tsofaffin littattafai ba su faɗi abin da kowane yaron lambu ya sani a lokacinsu ba, kamar yawan danshin da takin ke buƙata, da lokacin da za a kwashe shi a zuba sabo kafin ɗumin ya faɗi, da yadda za a hana tururinsa mai kaifi ƙone ganye. Ga kuma wata matsala da mutanen dā ba su sani ba, wato samun kashin doki tan-tan a ƙasar da mota ta kori doki. Bayan an gyara ginin a farkon shekarun 1990 aka samo tsofaffin jinsunan abarba irin su Smooth Cayenne da Jamaica Queen, aka yi ta gwaji, kuma da yake tsiron yana ɗaukar kusan shekara biyu kafin ya yi ɗa, kowane kuskure yana cin lokaci mai tsawo. A 1997 aka girbi ta farko, kuma an ruwaito cewa ma'aikatan ne suka cinye ta domin su tabbatar ba ta ɗauko ɗanɗanon taki ba, kafin a aika wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu da ta biyun, a shekarar da ta cika shekara 50 da aure.

An kuma tono famfunan ruwa na wajen 1880 daga cikin laka a ƙasan kwari, irin waɗanda ba sa shan mai ko lantarki. Asalin fasaharsu ta Joseph Montgolfier ce, Bafaranshe, tun 1796: ruwa yana gangarowa cikin bututu da gudu, wani marfi ya rufe masa hanya farat ɗaya, ƙarfin bugun ya tura kaɗan daga cikinsa sama zuwa tanki a kan tudu. Da aka wanke su aka sauya abin da ya ci, sai suka ci gaba da bugawa.

An buɗe wa jama'a lambun a lokacin bikin Ista na 1992 alhali aiki bai yi nisa ba, kuma wannan dabara ce da ta biya, domin mutane sun riƙa biyan kuɗin shiga don su ga gyaran yana gudana, su dawo baɗi su ga inda aka kai. Shirin talabijin mai kashi shida da tashar Channel 4 ta yi, da littafin da Smit ya wallafa a 1997, suka mayar da wurin ɗaya daga cikin lambunan da aka fi ziyarta a Birtaniya, ya kuma samar da aikin yi a yankin da ma'adinai da kamun kifi suka ja baya. Daga nan ne Smit ya sami ƙarfin kafa wani sabon lambu mai suna Eden Project, wanda aka buɗe a 2001 cikin tsohon ramin haƙar farin yumɓu kusa da St Austell.

Akwai tambayar da duk mai gyaran tsohon lambu yake fuskanta, wato zuwa wace shekara za a mayar da shi. Yarjejeniyar Florence ta 1981, wadda masana adana kayan tarihi suka tsara musamman domin lambuna, ta ɗauki lambu a matsayin abin tarihi mai rai wanda kayan gininsa suke girma suna mutuwa, ta shardanta bincike mai zurfi kafin a taɓa komai, ta kuma yi gargaɗi kada a fifita zamani ɗaya a shafe sauran. A Heligan an karkata ga shekarun da suka gabaci 1914, amma komawa can ɗungurungum ba mai yiwuwa ba ne, ko da an so. Rododendiron ɗin Hooker sun yi girman da babu wani Tremayne da ya taɓa gani, kuma babu mai hankalin da zai datse su domin su dace da tsohon hoto. Kwarin Jungle ma kyansa na yau rabinsa aikin shekarun watsi ne. An kuma ƙara abubuwan da ba su da asali a tarihin wurin, kamar siffar mace kwance da ta kan ƙato waɗanda Sue Hill da ɗan'uwanta Pete suka gina da laka da tsirrai a cikin daji, na biyun a kan tushen itacen da guguwar 1990 ta tumɓuke. Masu tsantseni suna iya ganin wannan a matsayin jan 'yan kallo, kuma suna da hujja, sai dai kuɗin 'yan kallon ne yake biyan masu kaftu. Abin da ya fi cancantar a yi hattara da shi shi ne yadda gyaran yake ƙawata rayuwar ma'aikatan dā, domin mai ziyara yana ganin tukwane a jere da kayan aiki a rataye cikin tsabta, ba ya jin sanyin ɗakin da yaro ɗan shekara goma sha huɗu yake kwana, ko ƙarancin ladan da ya sa tsarin duka ya yiwu.

Barazanar da ta biyo bayan ƙaya ta zo ne ta hanyar da ba a zata ba. A farkon shekarun 2000 wata cutar tsirrai mai suna Phytophthora ramorum ta bayyana a Birtaniya, aka kuma gano 'yar'uwarta Phytophthora kernoviae a Cornwall a 2003, dukansu masu son laima ne, kuma rododendiron na cikin itatuwan da suka fi kamawa, musamman wani jinsi mai yaɗuwa da ake kira ponticum wanda masu lambun dā suka dasa domin shinge. Dole ta sa lambunan yankin suka shiga tumɓuke shi suna ƙonewa, wanda hakan ya buɗe wa iskar teku kafofin da aka shekara ɗari ana toshewa. Tsofaffin itatuwan Heligan kuwa, waɗanda a 2008 aka ba wa matsayin tarin ƙasa na itatuwan furanni, wato kameliya da rododendiron, da suka shigo wurin kafin 1920, da yawansu sun tsufa ƙwarai har reshensu ba ya kama ƙasa idan aka yanka aka dasa. Saboda haka aka koma ga ɗakin gwaje-gwaje na Kwalejin Duchy da ke Rosewarne, inda ake ɗaukar ɗan ƙanƙanin yanki daga cikin tohon fure, wanda cutar ba ta cika kaiwa gare shi ba, a rene shi cikin kwalba a kan abinci mai tsabta har ya yi saiwa, sa'an nan bayan wasu shekaru a fitar da shi a dasa a matsayin kwafin uwar tasa.